Kwamfutar da Ke Jin Nauyin Tsofaffi

Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau. Antinki tana gaishe ki, yara ma haka. Ƙaramin yana haƙori, ba wanda ya huta a gidan, amma lafiya lau.

Kin ce in daina kiranki a waya tunda ba abin da nake faɗa sai gaisuwa, in riƙa rubutowa. To ga shi.

Manhajar da kika yi wa shago tana nan tana aiki. Tun tafiyarki ban sake taɓa katin kwali ba. In na auna idon mutum sai in shigar da awonsa a kwamfuta, in danna Ajiye, in danna Buga, takarda ta fito can ɗakin baya wajen mai yanka gilashi, shi kuma ya haɗa tabarau. Masu zuwa har tambaya suke yi inda na sayo ta. Nakan ce ƙanwata ce ta rubuta, kyauta, ba ta sayarwa ba ce. Allah ya ƙara basira.

Abin da ya zaunar da ni rubutu maganar Umma ce. Kada hankalinki ya tashi. Kwanan nan ta canza. Ta zuba shayi a gefen kofi tana kallonsa. Ta yanka labulen mutane a karkace, ita da ba ta taɓa ɓata yadi ba tun muna yara. Maƙwabciyarta ta hawan ƙasa ta kira ni ta ce Umma ta wuce ta a bakin ƙofa ko sannu babu. Ni kaina da na je na same ta a tsakiyar matakala, hannu a bango, ƙafa ɗaya a sama, tana neman inda za ta sauke ta kamar mai gwada zurfin ruwa. Na ce Umma lafiya? Ta ce hutawa take yi.

Kafin ki ce ido ne, ba ido ba ne. Ni na auna ta da hannuna kwanakin baya, na sa mata sababbin gilasai a tsohon firem ɗin nan da ta ƙi rabuwa da shi. Na tambaye ta, ta ce tana gani tar, ta sa mini albarka. Abin da nake tsoro kai ne. Kin tuna yadda na kakarmu ya fara.

Saboda haka na yanke shawara in ɗauko ta ta dawo gidana, ƙarshen wata in mayar wa mai benen makullinsa. Hawa na uku ba mazaunin tsohuwa ba ne, balle ita kaɗai. Ban gaya mata ba tukuna. Na ga ya kamata ki sani, tunda mu biyu ne.

Yayanki

Af, na manta. Wani lokaci in na danna Ajiye wani ɗan akwati yakan fito a allo ya ce “Wani abu ya faru.” Sai in danna To ya tafi. Ba ƙorafi nake yi ba. Kullum ai wani abu yana faruwa.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ina gaida Anti da yara, da mai haƙori musamman. Na sha “lafiya lau” ɗinka har na ƙoshi kafin in iso inda mahaifiyarmu take laluben matakala. Ashe a rubuce ma haka kake, sai dai a rubuce gaskiya takan biyo baya in mutum ya yi haƙuri.

Na karanta wasiƙar a ofis, na kasa tashi daga kujera. Abokiyar aikina ta zata manhajarmu ce ta sake faɗuwa, ta zo ta leƙa allona tana ba ni haƙuri. Muna dab da fitar da sabon aiki, kowa a nan idonsa ja, tagogi ba sa buɗuwa, shugabanmu kuma yana yawo tsakanin tebura yana cewa ’yar ƙaramar matsala ce. Da na ji shi sai na tuna da kai.

Na kira Umma. Na ce yaya jiki, ta ce lafiya. Na ce yaya ɗinki, ta ce ta ɗan huta da shi. Umma ce fa, wadda in ta yi zazzaɓi take jawo keke kusa da gado. Sannan ta tambaye ni ko ina cin abinci, muka yi wata hira, ta sake tambayata ko ina cin abinci. Na san tun da aka haife ni take maimaita wannan tambayar, amma ranar sai na ji ta daban. Na ɓata hutun rana ina karanta alamomin ruɗewar tsufa. Duk wadda na karanta sai in ga Umma a ciki. A wasu ma har kaina na gani.

Duk da haka, Yaya, ka dakata da maganar makulli. Ka san abin da ɗakin nan yake a wurinta. Kekenta yana bakin taga, shuke-shukenta suna baranda, daga nan take ganin wanda ya shiga layin da wanda ya fita da abin da ya riƙo. In ka raba ta da wannan, ko hankalinta ƙalau yake sai ya taɓu. Kuma ka san Umma a gidanka. Kafin ta kwance kayanta za ta sake wa Anti tsarin kicin, a kira ni sulhu daga nesa.

Ido fanninka ne, ban sa baki ba. Amma ka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa ya duba ta tukuna. In ya tabbatar da abin da muke tsoro, ba ni da ja.

Akwatin kuwa, na sa shi ne don ranar da abin da ban zata ba ya auku. Na so in rubuta masa magana mai ma’ana kafin in tafi, tafiya ta riga ni. Tunda takarda tana fitowa, ka danna To ka wuce. Zan duba in mun sauke wannan kayan.

Autarku

*

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Na rubuto miki gajeren saƙo makon jiya ban ji amsa ba, na kira wayarki a kashe. Na san aiki ne. Mu nan da sauƙi.

Umma ta zame a matakala, a ’yan hawan ƙarshe. Allah ya kiyaye ba karaya, gwiwa ce ta kumbura da wuyan hannu. Maƙwabciyar ƙasa ce ta ji faɗuwar. Tunda kin ce ba ki da ja, ranar na ɗauko ta. Yanzu tana ɗakin baƙi a gidana. Keken ɗinkin na sa a sito, na rufe shi da zane. Shuke-shuken na bar wa maƙwabciyar. Makulli yana hannuna, mai benen ya ce ya sami wasu masu sabon aure da ke so, ƙarshen wata zan kai masa.

Na kai ta wurin likitan kamar yadda kika ce. Ya tambaye ta yau wace rana, ta faɗa. Ya ba ta kalmomi ta riƙe, ya ɗauke mata hankali da wata hira, ya dawo ya tambaya, ta jero su, ta ƙara masa da cewa maɓallin rigarsa na biyu ba da zaren da ya dace aka ɗinka ba, ta ji da hannu lokacin da ya sunkuyo. Ya yi dariya ya ce a ci gaba da lura da ita, wani lokacin farkon abin ba ya nunawa a gwaji. Da ya ba ta biro ta zana agogo, sai ta zana rabinsa a kan tebur.

Ba ta taɓa kicin ɗin Antinki ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Tana zaune a bakin gado, tabarau a fuska, hannu a cinya. In yara suka shigo sai ta kama kansu ta shafa kafin ta kira suna. Na ce Umma ko akwai abin da kike so? Ta ce, “Me zan so, ga ni a gidan ɗana.”

A shago ba wani labari. Kasuwa ta ɗan buɗe, sai dai tsofaffi sun cika mita kwanan nan. Wannan ya dawo ya ce kansa na juyawa, wancan ya ce ƙasa ta yi masa nisa. Nakan duba tabaraun da takardar, in ga sun dace, in ce su yi haƙuri ido zai saba. Tsufa ba ya son sabon abu.

Abin dariya, don ki ɗan saki fuska: mai yanka gilashi ya lura akwatinki ba ya fitowa sai in dattijo ne a kujera. In ɗalibi ne ko ma’aikaci, shiru. Tsoho na zama, sai “Wani abu ya faru.” Ya ce kwamfutar tana da tarbiyya, nauyin manya take ji. Na ce ai gidan da ta fito ne.

Ki kira Umma in kin sami sarari.

Yayanki

*

Yaya,

Ina lafiya, ina fatan gwiwar Umma ta sauka. Ka nemi kujera kafin ka ci gaba.

Sai yau na buɗe wasiƙarka, mun fitar da aikin jiya. Na karanta faɗuwar Umma, na karanta yadda “in likita ya tabbatar, ba ni da ja” ta rasa kanta a hanya ta iso maka da wutsiya kawai. Na fara rubuta maka amsa mai zafi a kan wannan. Sai idona ya koma kan abin dariyar da ka ajiye mini a ƙarshe, na goge duk abin da na rubuta.

A sana’armu ba abin da ya fi “wani lokaci yakan faru” wahala, domin ba a kama abin da ba a san lokacin zuwansa ba. Ranar da aka ce “ba ya faruwa sai in kaza,” an gama rabin aiki. Mai yanka gilashi ya ba ni kazan. Na zauna na tambayi kaina me tsoho yake da shi wanda ɗalibi ba shi da shi. Ban samu ba. Sai na juya tambayar.

Yaya, in dattijo ya zauna, kana cike gurbin ranar haihuwa?

Na buɗe manhajar a kwamfutata na bar gurbin fayau, na danna Ajiye. Akwatin ya fito ya gaishe ni. Ga abin da ke faruwa. Manhajar tana da wuri biyu: allon da kake gani, da rumbun da take adana mutane. Rumbun ba ya karɓar mutum sai da ranar haihuwa, haka na gina shi. In babu, sai ya ƙi, akwatin ya fito, ba a ajiye komai ba. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma in ka danna Buga, sunan daga allo take ɗauka, awon ido kuma daga rumbu, na mutumin ƙarshe da ya shiga. Wato takarda za ta fito da sunan tsoho da idon wanda ya riga shi zama.

Na gwada manhajar nan kafin in ba ka har na gaji. Na ƙirƙiri mutane iri-iri na zuba mata, masu dogon suna, masu ido ɗaya, masu suna iri ɗaya. Dukansu sun san ranar da aka haife su.

Ina so in yi kuskure, saboda haka kada ka yarda da ni, ka gwada. Ka nemi sunan Umma a kwamfutar. Bayan haka ka shigar da wani na ƙarya da cikakken bayani, ka ajiye, ka shigar da na biyu da awo daban ba ranar haihuwa, ka danna To yadda ka saba, yadda ni na ce ka yi, ka buga, ka je ɗakin baya da ƙafarka ka karanta takardar. Sannan ka karɓi tabaraun Umma ka ɗora a na’urar karanta gilashi, ka tambayi kanka ko ka taɓa ganin mace mai shekarunta da irin wannan idon.

Kafin nan kada ka buga wa kowa takarda, ka koma katin kwali. Makullin kuma ya zauna a aljihunka.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. A’a, bari in bar wannan.

Umma ba ta cikin kwamfutar. Na rubuta sunanta ta kowace fuska, babu. Na yi gwajin da kika ce, na je ɗakin baya na tsaya a kan firinta. Takarda ta fito da sunan na biyu da idon na farko. Mai yanka gilashi ya karanta ta bayan kafaɗata, ya cire hularsa ya zauna a kan kwali.

Na je gida na ce wa Umma zan goge mata tabarau, na kawo shi shago na ɗora a na’ura. Gilashin wata ɗalibar jami’a ne, tana nan a rumbunki da ranar haihuwarta, ita ce ta tashi daga kujera Umma ta zauna. Yarinyar ba ta ganin nesa ko kaɗan. Umma kuwa akasin haka take buƙata. Na sa tabaraun a fuskata na ce bari in taka zuwa ƙofa. Ƙasa ta gudu, ƙofa ta koma ’yar mitsitsiya, na bugi kantar shagon da cinya. Shagona ne, na san inda komai yake. Ita da wannan take sauka daga hawa na uku. Tsofaffin gilasanta kuma ni na cire su da hannuna na jefa a kwandon shara.

Kin tambaya ko ina cike gurbin. Ki tambayi Umma shekarunta ki ji. In mai tambayar yaro ne, ta haifi babansa. In tsohuwa ce, ta girme ta da kaɗan. Yawancin dattawan da ke zuwa haka suke, wasu ba su sani ba, wasu sun sani amma ba dama in zaunar da sa’an mahaifina in ce yaushe aka haife ka. A kati ma ban taɓa cikewa ba. Katin bai taɓa cewa komai ba.

Yanzu ga inda nake. Duk wanda abin ya shafa, shi ne wanda ba ya cikin kwamfutar. Ba suna, ba lambar waya. Na fito da kujera bakin shago ina kallon fuskokin masu wucewa, ina neman firem ɗina. Jiya na hango wani tsohon direba da ya yi ritaya yana tafe yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Na tare shi na ce Baba yaya tabarau?

Ya ce, “Likita, tabarau lafiya. Titin ne suka lalata. Duk unguwar nan ta koma gangare, ba wanda ya ce uffan.”

Na ce ya shigo in sake auna shi, kuskure aka yi. Ya ce, “Kai da ka ce ido zai saba? Ai ya kusa.”

Na sami wasu ta wurinsa, sauran ina nema.

Ban gaya wa Umma ba. Na so in canza mata gilasan shiru, amma awonta ya tafi da akwatinki, dole sai ta sake zama a kujera. Na ce mata na sayi sabuwar na’ura ina so in gwada. Ta ce, “Ai ka auna.” Na ce Umma sake dubawa ba laifi. Ta ce, “Tabarauna ƙalau yake. Ba ni abina.” Ta karɓa ta mayar a fuska, ina kallo.

Ki lallashe ta, ke tana jin maganarki. Amma kada ki faɗa mata dalili, ban san da wane ido zan dube ta ba. Makulli yana nan. Ko da yake, in za ki bi ta tawa, tunda ta riga ta zo, hawa na uku har yanzu hawa na uku ne.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaida kowa. Ga gyararriyar manhaja na haɗo da wannan wasiƙar. Yanzu rumbun yana karɓar mutum ko bai san ranar haihuwarsa ba. In ajiya ta ƙi saboda wani dalili, maɓallin Buga zai mutu, akwatin kuma zai faɗi abin da ya faru da sunansa. Takardar ma daga wuri ɗaya za ta riƙa ɗauko suna da awo. Gyaran bai kai tsawon wannan sakin layin ba. Na zauna ina kallonsa, na rasa abin da zan ji.

Ban bi maganarka ba. Na kira Umma na gaya mata duka, nawa da naka, a jere, ba ado. Na ce gilashin wata yarinya ne a fuskarta, na ce manhajata ce ta ba ta shi, na ce mun kai ta likitan ƙwaƙwalwa a kan abin da mu muka ɗora mata a hanci.

Na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka. Sai ta ce, “To.” Na ce Umma kin ji abin da na ce? Ta ce, “Kunne ai ba ku taɓa shi ba.” Ta ce in gaida mutanen wurin aiki, ta kashe.

Na sake kira ba ta ɗauka ba. Tun da nake ban taɓa jin tsoron kalma ɗaya haka ba. Ka je ka same ta yau, kada ka aika Anti. Maganar hawa na uku kuma, ina ganin ni da kai mun ɗan huta da yanke wa Umma shawara.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Da hannuna na rubuta wannan, maƙwabciyata za ta ɗauki hotonsa ta tura miki. In kin karanta ki tura wa yayanki, ba zan rubuta biyu ba. Gwiwa ta warke. Hannu saura kaɗan.

Daga ɗakina nake rubutu. Antinki ce ta ba ni makulli. Na tambaye ta sau ɗaya, ta shiga ta ɗauko, ta kira mota, ta sa aka fito da keke daga sito. Yarinyar kirki ce, ku riƙe ta. Mai benen na hau na same shi da kaina, masu sabon aure sa nemi wani wuri.

Kin yi ta bayani a waya kamar labari kike ba ni. Tun ranar da aka sa mini tabaraun na san ba nawa ba ne. Ina sa shi na ga yayanki ya koma ɗan tsana a ƙarshen ɗaki. Yana tsaye yana murmushi, yana gaya wa mutanen shago ƙanwarsa ce ta yi na’urar, ya juyo ya ce Umma kina gani? Ɗana ya auna, ’yata ta lissafa, ga mutane. In ce wa ya yi kuskure? Na ce bari in ba shi kwana biyu, shi mai ilimin abin zai gane da kansa. In na cire ba na gani, in na sa ba na gani, na zaɓi wanda ba zai ɓata wa kowa rai ba.

Shirun nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Abin da ban zata ba shi ne wannan. Na zubar da shayi, na ɓata yadi, na faɗi a matakala, duk a bayan sabon tabarau, ku biyu da karatunku ba wanda ya ce bari in sake duba aikina. Ya fi muku sauƙi ku ce uwarku ta ruɗe. Da aka zaunar da ni gaban likita yana tambayata yau wace rana, a nan na yi fushi. Shi ya sa da yayanki ya zo da zancen sabuwar na’ura na ƙi. Da ya ce Umma na yi kuskure, da na tashi na bi shi.

Ya zo daga baya ya faɗa, ya durƙusa a nan bakin keke har ya ba ni tausayi. Na yafe masa, ke ma na yafe miki. Ku nemo sauran tsofaffin mutane, wannan ya fi durƙuso.

Amma ban koma kujerarsa ba. Maƙwabciyata ta raka ni can bayan tashar mota, wurin wani yaro mai shagon tabarau. Ban san uwarsa ba, bai san ’ya’yana ba. Ya auna, ya haɗa, na sa, na ce wannan bai yi ba, na hagu yana ja. Ya ce ido zai saba. Na ce nawa ba ya sabawa, sake. Ya sake. Na koma na ce yanzu hancin yana matse ni. Ya ɓata rai, na ɓata nawa, ya gyara.

Auta, na daɗe ban ji daɗin bakina irin na ranar ba. Jibi ma zan koma, ina ganin na dama bai zauna daidai ba.

Ummanku